Karatun manoma: mi ke cikin ɗiyan gawo da danginshi?

Wani manomi ya tsinci ɗiyan gawo cikin ɗari. Ya ɓare su, ya fidda ƙwayoyi, ya aje. Da bazara ta kama, ya cika leda ɗari da ƙasa da taki, ya sa ƙwaya guda-guda. Safe da marece, matarshi da yaranshi suna jan ruwa ga rijiya mai gaba ashirin suna zubawa. Sati biyu, shiru. Wata guda, leda bakwai ko takwas kaɗai sunka tsira. Ya tone sauran, ya iske ƙwayoyin kwance yadda ya sa su, ko kumbura ba su yi ba. Sai ya ce irin banza ne, ya watsar. Damana ta zo ta wuce, bai dasa komi ba.

Can bayan gari, ga makwantar shanu, ba wanda ya shibka, ba wanda ya ba da ruwa. Amma ruwan farko na sauka, sai ga ƴan gawo sun fito cikin kashin shanu.

Irin manomin nan lafiyarshi lau. Ƙwayoyin da ya watsar suna da rai. Abin da ya hana su fita shina ga jikinsu, kuma ana iya ganin shi da ido in an duba da kyau.

Dangin wake

Gawo, bagaruwa, dakwara, kirya, kalgo, tsamiya, ɗorowa da taura duka gida guda ne. Masana ilimin tsirrai sun sa su cikin dangin wake. Wanda ya dubi girman tsamiya ya dubi wake mai yaɗo, sai shi yi dariya. Amma a dubi ɗiyansu. Galibinsu kwanso suke yi, ƙwayoyi na jere ciki, kowace tana maƙale da ɗan zare. Gujiya ma cikin danginsu take.

Ɗiyan gawo suna nuna tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ciyawa ta fara ƙarewa. Shi ya sa mai bisashe ke ba su daraja, har ana kai su kasuwa buhu-buhu. Ɗorowa tana nuna cikin bazara, wajen Afrilu da Mayu. Ba ta son ƙasa mai ƙarancin ruwa. Ana samun ta kudu, wajen Gaya da bakin iyakar Najeriya.

A jiƙa, a ɓare, a duba

Wanda ke son gane ƙwayar icce shi fara da wake, don ya fi ta girma da taushi. A jiƙa wake kwana guda. Da safe a murza shi da yatsa. Ɓawo shina fita. Sai a ga ɓari biyu farare, manne da juna. A raba su a hankali. Ga gefe guda, wajen hancin waken, akwai wani ɗan abu kamar ƙaramin haƙori. Shi ne saiwa tun tana jinjira. Bisanta akwai ɗan toho mai kunne biyu ƙanana. Shi ne za shi zama kara da ganye.

Ke nan, icce gaba ɗaya shina kwance cikin ƙwaya, shina barci. Ɓari biyun nan guzurinshi ne. Da su za shi rayu har saiwa ta kama ƙasa, ganye ya ga rana.

Hancin wake shi ne wurin da zaren nan ya riƙe ƙwaya cikin kwanso. Ta nan uwa ke ba ta abinci, kamar cibiyar jinjiri. Kusa da shi akwai wata ƴar kafa da ido ba shi cika gani ba. Tsinin saiwa shina duban wannan kafa, kuma ta nan saiwa ke fita.

Ƙwayar gawo haka take, sai dai ta fi ƙanƙanta, tana da faɗi, tana ƙyalli. Cikin kilo guda ana samun ƙwayoyi dubu goma, har sama. Hancinta ɗan ɗigo ne ga tsininta. Ga kowane gefe nata akwai zane mai kamar kofaton doki. Bagaruwa da kirya da kalwa suna da wanga zane. Wake da gujiya ba su da shi.

Kirya tana da ƙari. Tsakanin ɓawo da ɓari biyu akwai wani shimfiɗi mai tauri kamar ƙaho. In ya sha ruwa shina kumbura, shi yi yauƙi kamar ƙaro. Wanga danƙo abinci ne ga tsiro, kuma shina riƙe mashi laima in ruwa ya ɗauke kwana biyu. Gawo da kalwa ba su da shi. Su duk guzurinsu cikin ɓari biyu shike.

Ɓawon da ruwa ba shi ratsawa

Nan ne zancen manomin nan shike. Ɓawon wake shina shan ruwa nan da nan. Ɓawon gawo ba shi sha.

Masu bincike sun yanka ɓawon, sun duba shi da madubi mai ƙara girman abu. Daga waje akwai wani shafe mai kamar kakin zuma. Ƙarƙashinshi akwai ƴan sanduna tsaye, jere, matse da juna, kamar darni na kara da anka ɗaure tamau. Ba kafa tsakaninsu. Tun ƙwaya na ɗanya akwai sauran sarari. Tana bushewa, sandunan na ƙara matsewa. In ta bushe sarai, ruwa ba shi shiga, iska ma da ƙyar. Ana iya barin ta cikin kwanon ruwa sati guda, a fiddo ta yadda anka sa ta.

Wanga tauri shina da dalili. Kowa ya san halin ruwan farko ga ƙasar nan. Shi kan sauka, manomi shi shibka hatsi, sa'annan sama ta ɗauke kwana ashirin, shibka ta ƙone. Da ƙwayoyin gawo duka za su tsira da ruwan farko, da duka sun mutu tare. To, ba haka suke yi ba. Kaɗan na tsira bana, kaɗan baɗi, waɗansu su yi shekaru cikin ƙasa. Zafin rana da sanyin dare, gara, rairayi mai gogar su, su ke cin ɓawon sannu-sannu. Icce ba shi zuba irinshi duka ga damana guda.

Ɓawon shina da ƙofa guda. Kusa da hanci akwai wani ɗan tudu inda sandunan nan sunka fi gajarta. Zafi mai ƙarfi shina sa wurin shi tsage, ko shi ɗaga kamar marfi. Daga nan ruwa ke fara shiga.

Saniya kuwa, in ta ci ɗiyan gawo, haƙoranta da ruwan cikinta suna cin ɓawon. Ƙwayoyi da yawa suna narkewa, su zama abincinta. Waɗanda sunka tsira suna fita cikin kashi, ɓawonsu ya yi laushi, ga taki kewaye da su. Shanu sun fi awaki da tumaki fidda ƙwaya lafiya, don ƙananan bisashe sun fi niƙa abin da sunka ci. Shi ya sa gawo ke bin burtali da makwantar shanu.

Yadda ake buɗe ƙofar

Mai renon itace ba shi iya jiran shekaru. Sai shi buɗe ɓawon da kanshi.

Dabarar da ta fi kyau ga gawo ita ce ƙwarzane. A ɗauki abin yankan akaifa, ko wuƙa mai kaifi, a ɗan gutsure ɓawon. Ko a goga ƙwaya bisa dutse mai kaushi. Da an hango fari daga ciki, a tsaya. Abu guda ne wajibi a kiyaye: kada a yanka wajen hanci. Nan saiwa take. Wanda ya yanke ta ya kashe icce. A yanka ga gindin ƙwaya, nesa da tsini. Sa'annan a jiƙa cikin ruwan sanyi kwana guda. Da safe za a iske ta kumbura, ta kusa ninka girmanta. A shibka ran nan, zurfin gaɓar yatsa guda. Galibi cikin sati guda ta fito.

Aikin shina cin lokaci, gaskiya ne. Amma mutum biyar bisa tabarma guda suna gama ƙwaya ɗari biyar kafin hira ta ƙare.

In iri na da yawa, sai ruwan zafi. A tafasa ruwa, a sauke tukunya daga wuta, sa'annan a zuba iri. Ruwan shi fi irin yawa kamar sau biyar. A bar shi shi huce tare da irin har wayewar gari. Zafin nan shi ke ɗaga marfin da anka faɗi. Waɗanda sunka kumbura a shibka su. Waɗanda sunka ƙi a sake masu, ko a ƙwarzane su. Ana yi ma bagaruwa haka, da kirya, da kalgo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a bar tukunya bisa wuta tana tafasa da iri ciki. Wannan dafuwa ce. Dafaffen iri ba shi tsira.

Dakwara ba ta bukatar wanga wahala. Ɓawonta bai kai na sauran kauri ba, ruwan zafi ma shina iya kashe ta. Sabon irinta ruwan sanyi na dare guda ya ishe shi. Tsamiya ma jiƙon kwana guda shina yi mata, in an ɗan goga ta ya fi.

Ga manyan wuraren renon itace, ma'aikatan gandun daji suna jiƙa iri cikin wani ruwan asid mai ƙarfi. Wanga ruwa shina cin fata, shina makantarwa. Ba aikin gida ba ne. Kada wani shi ce za shi gwada da ruwan batir.

Lokaci ma shina da muhimmanci. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace ga Nijar. Wanda ke son dashe cikin Yuli ko farkon Agusta shi shibka cikin leda wajen Afrilu. Gawo saiwa shike fara yi, doguwa, tun kanshi bai kai taƙi ba. In ya daɗe cikin leda, saiwar na naɗewa ko ta huda ta kama ƙasa. Don haka a riƙa gusa ledojin bayan sati biyu-biyu, kuma kada dashe shi wuce wata uku ko huɗu.

Guzurin da ke cikin ɓari biyu

Abinci kashi-kashi ne. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar garin hatsi. Akwai mai. Akwai mai gina jiki, wanda likitoci ke kira furotin. Shi ke yin tsoka da jini. Shi ke sa yaro shi girma. Yaron da ya rasa shi shina ramewa, gashinshi shi yi ja, wani lokaci ƙafafu su kumbura.

Cikin kilo 100 na hatsi, furotin bai wuce kilo 11 ko 12 ba. Cikin kilo 100 na wake akwai wajen kilo 24. Ƙwayar gawo tana kusa da wake. Kalwa ta fi su duka: wajen kilo 30, ga kuma mai wajen kilo 15 zuwa 20. Gujiya ta fi ta mai, don kusan rabinta mai ne. Ƙwallon tsamiya shina da furotin kilo 13 zuwa 20, mai kaɗan, saura galibi wani gari ne mai danƙo.

Furotin kamar gini shike. Tubalinshi iri 20 ne. Jikin mutum shina iya yin waɗansu da kanshi, amma guda 9 sai daga abinci. Hatsi shina da ƙarancin guda daga cikinsu, wanda ake kira lizin. Dangin wake suna da shi da yawa. Su kuma suna da ƙarancin wani tubali wanda hatsi ke da shi. In an gama su, gini ya cika. Tuwon hatsi da miya mai daudawa, ko shinkafa da wake, abinci ne da ya fi kowane guda shi kaɗai.

Ina dangin wake ke samun furotin haka? Ba a yin furotin sai da wani sinadari da ake kira azot. Shi ne ke cikin farin takin zamani da ake kira ure, kilo 46 cikin kilo 100. Iskar da ake sheƙa, kashi 78 cikin 100 azot ne, amma tsiro ba shi iya ɗaukar shi daga iska. A tuge wake ko gujiya mai hure, a dubi saiwa. Za a ga ƴan ƙulle-ƙulle. A fasa guda: in cikinshi ja-ja ne, shina aiki. Cikin ƙullen akwai ƙwayoyin halitta da ido ba shi gani. Su ke kama azot na iska su ba tsiro, shi kuma shi ba su abinci.

Gawo, bagaruwa, dakwara da kirya suna yin waɗanga ƙulle-ƙulle. Tsamiya da ɗorowa da kalgo ba su yi, ko da shike gida guda ne. Su daga ƙasa suke jawo nasu da saiwoyi masu nisa. Gawo kuma shina da halin da ba kowane icce ke da shi ba: shina zubda ganye da damana ta kama. Ganyen ya zama taki, inuwa ba ta danne hatsi ba, ga kashin bisashen da sunka yi rani ƙarƙashinshi. Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, da irin horon da shike yi ma mai saran gawo. Dokar daji ta 1974 ta sa gawo, dakwara, bagaruwa, tsamiya da ɗorowa cikin itatuwan da ba a sara sai da izini.

Danƙon da ke cikin waɗansu ƙwayoyi ma dukiya ne. Ƙwallon tsamiya da mata ke zubarwa bayan kunu, ga ƙasar Indiya soya shi ake yi, a fidda ɓawo, a niƙa. Masaƙu na sayen garin suna ƙarfafa zare da shi. Ƙwallon taura, ga kudancin Najeriya, Ibo na niƙa shi suna kaɗa miya don ta yi kauri.

Makaman ƙwaya

Abu mai daɗi haka, kowa na son shi: ƙwaro, ɓera, tsuntsu, mutum. Don haka ƙwaya ba ta zauna hannu sake ba.

Makami na farko shi ne bauri. Wanda ya tauna ɗanyen ɗan bagaruwa ya san shi: baki na ɗaurewa. Sinadarin da ke kawo haka sunanshi tanin. Shina kama furotin shi ɗaure shi. Aikin da shike yi ke nan cikin majema. Majeman Damagaram da Maraɗi suna daka ɗiyan bagaruwa su jiƙa fata ciki, tanin shi ɗaure furotin na fata, ta daina ruɓewa. Jar akuyar Maraɗi da bagaruwa, su biyu sunka yi ma fatar ƙasar nan suna. Tanin na ɗiyan bagaruwa galibi cikin kwanso shike. Makuba da ake yi da kwanson ɗorowa, a shafe daɓe da bango, ita ma tanin ne ƙarfinta.

Ɓawon kalwa da na ƙwallon tsamiya suna da tanin. In ya shiga ciki da yawa, shina ɗaure furotin na abinci, shina kuma hana jiki ɗaukar ƙarfen da ke ƙara jini. Don haka ake fidda ɓawo kafin a ci.

Makami na biyu cikin ɓari biyu shike. Akwai wani sinadari mai hana ruwan hanji narka furotin. Mutum shi ci, abincin shi wuce bai amfane shi ba, ga ciwon ciki. Wuta tana kashe wanga sinadari. Shi ya sa ba a cin wake ɗanye, kuma waken da bai nuna ba bai kamata a ba yaro ba. Akwai kuma wani irin sukari da hanji ba shi iya narkawa. Shi ke kawo kumburin ciki da iska bayan cin wake. Jiƙo da zubda ruwan jiƙon suna rage shi.

Aikin mai daudawa

Matan da ke yin daudawa sun san maganin makaman nan duka tun kaka da kakanni.

Ana fara raba kalwa da garin ɗorowa, rawayan nan mai zaƙi da yara ke so. Sai a aza kalwa bisa wuta. Tana shan wuta awa 12, wani lokaci har kwana guda, don ɓawonta irin na gawo ne. Icen da wanga dafuwa ke ci ba kaɗan ba ne. In ta yi laushi a zuba ta turmi, a sa toka ko rairayi, a surfa. A wanke, ɓawo shi tafi, tanin shi tafi tare da shi. Sai a sake dafa ɓari biyun awa guda ko biyu. Wuta ta kashe makami na biyu ke nan. A tsane, a zuba cikin kwando ko ƙwarya tun da zafi, a rufe da ganye da tsumma, a kai wuri mai ɗumi.

Kwana biyu ko uku, aiki ya koma hannun waɗansu ƙwayoyin halitta da masana ke kira basilus. Suna cinye sukarin nan mai kumbura ciki. Suna warware furotin su maida shi tubali-tubali, yadda ciki ke ɗaukar shi da sauƙi. Kalwa ta yi baƙi, ta yi yauƙi, ta yi warin da anka sani. Guda daga cikin tubalan nan, mai suna gulutamat, shi ke ba miya ɗanɗano. Shi ne kuma ake sa ma dunƙulen miya na kanti. Sai dai dunƙulen kanti kusan rabinshi gishiri ne. Daudawa kuwa, bayan ɗanɗano, fiye da kashi ɗaya cikin uku nata furotin ne, ga mai, ga ƙarfe. Uwar da ta bar daudawa ta koma ma dunƙule kaɗai, ta rage abincin ɗiyanta ba ta sani ba.

Ƙwayar kirya ma ana yin daudawa da ita, hanya guda. Inda ba ɗorowa, mata na yin daudawar batso da ɗiyan yakuwa. Yakuwa ba dangin wake ba ce, amma ƙwayoyin halittar da ke aikin su ne dai.

Wanda wuta ba ta gyarawa

Ba kowane dangin wake ake ci ba. Idon zakara, ƴar ja mai baƙin ɗigo da ke yaɗo bisa shinge, tana da dafi mai kisa. Kyaunta shi ke jawo yara. Nan ma ɓawo ne ke raba rai da mutuwa: ƙwayar da anka haɗiye sukutum tana iya wucewa, wadda anka tauna ko anka huda tana sakin dafi. Amma kada a tsaya lissafi. Yaron da ya sa ta baki a kai shi gidan likita nan take, ko bai nuna alamar komi ba, don ciwon shi kan yi kwana guda ko biyu kafin shi fito. A tafi da sauran ƙwayoyin a gwada ma likita. Samberu, iccen dajin kudu, makiyaya sun san shi: ganyenshi da ɗiyanshi suna kashe bisa.

Akwai kuma baƙin itatuwa dangin bagaruwa, marasa ƙaya, da anka kawo daga Ostiraliya don icen wuta da tare iska. Mutanen asali na waccan ƙasa sun daɗe suna cin ƙwayoyinsu. Cikin shekarun 1990 anka gwada su ga garuruwan Maraɗi. Suna ba da ɗiya tun shekara ta biyu, cikin bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka. Furotin nasu ya wuce kilo 20 cikin 100. Ana soya su, a niƙa, a tankaɗe, a gama da garin hatsi. Amma suna da wani sinadari da ke iya taɓa ƙoda in ya yi yawa. Ƙa'idar da masu gwajin sunka ba da ita ce kada garinsu shi wuce kashi ɗaya cikin huɗu: tiya guda tasu, tiya uku ta hatsi. Kuma ba kowane iri nasu ake ci ba. Sai wanda malamin gona ko na daji ya tabbatar.

Ɓarawon da ke shiga tun ƙwaya na ɗanya

Akwai wanda taurin ɓawo bai hana ba. Shi ne ƙwaron nan dangin mai cin wake cikin rumbu. Uwar tana yin ƙwai bisa kwanso tun shina ɗanye, ɓawo bai yi tauri ba. Tsutsa ta huda ta shiga. Kafar ta rufe. Tana ciki tana cin ɓari biyu, daga waje ƙwaya na ƙyalli kamar lafiya lau. Sai ta zama ƙwaro ta fito, ta bar rami kewayayye. Ɗiyan gawo da sunka daɗe ƙasa, galibi ƙwaro ya riga mutum.

Don haka mai neman iri shi kakkaɓo daga bisa icce da zarar sun nuna. Shi zaɓi icce mai lafiya, mai yawan ɗiya, kuma shi ɗebo daga itatuwa da dama, kada guda kaɗai. A daka a hankali cikin turmi, a sheƙe. A zuba ƙwayoyi cikin ruwa: masu rami da marasa ciki suna tasowa, a kwashe su a ba bisashe. Tun da ɓawo ba shi shan ruwa, wanga wanka ba shi ɓata masu kyau. A shanya su su bushe sarai. A gama da toka mai sanyi, a cika kwalba ko bido har baki, a toshe tamau. Ƙwaron da ya rage ciki iska na ƙare mashi shi mutu. Dabara guda ce da ta buhun nan mai ruɓi uku da anka fara yaɗawa ga manoman wake a 2007. A aje cikin ɗaki mai sanyi, a rubuta sunan icce da shekara bisa kwalbar. Irin gawo ko bagaruwa da anka aje haka shina shekaru da ranshi.

Wanda anka ƙwarzane ko anka sa ma ruwan zafi kuwa, ba shi ajiyuwa. Ƙofa ta buɗe, sai shibka.

Gwaji ga makarantar yaƙi da jahilci

Wanga gwaji ba shi cin ko dala. A samo ƙwayar gawo 100 masu kyau, a kasa huɗu, 25-25. Kashi na farko a bar shi yadda shike. Na biyu a sa mashi ruwan zafi da anka sauke daga wuta. Na uku a ƙwarzane ga gindi a jiƙa. Na huɗu a tsinto shi cikin kashin shanu ga garke. A shibka su rana guda, kowane kashi da layinshi, a kafa ɗan allo mai lamba. Mutum guda shi riƙe littafi. Kowace safiya shi ƙidaya waɗanda sunka fito, shi rubuta. Bayan kwana 15 a kawo littafin, kowa shi karanta, a ga layin da ya yi gaba.

Ga kuma lissafi na allo. Gona mai eka guda, tsawonta metir 100, faɗinta metir 100. Ana son gawo guda ga kowace metir 10. Layi 10 ke nan, kowane layi rami 10, duka rami 100. In za a shibka kai tsaye cikin gona bayan ruwa ya zauna, ana sa ƙwaya 3 ga kowane rami, daga baya a bar tsiro mafi ƙarfi. Ƙwaya 300 ke nan, ba su wuce ƙaramin kofin shayi ba. Kowane rami a kafa mashi turke, don kada hauya ta sare tsiron wajen noma. Mai gona eka 3 da rabi, ƙwaya nawa za shi ƙwarzane?